Kafin ka sayi makirufon ɗaukar fiyano, saurari ɗakinka

Duk wanda ya fara aikin naɗar sauti, da zarar an ce masa gobe za a ɗauki kiɗan fiyano, tambayar da ke fara fito masa ita ce: wane makirufo ne ya fi? Yana so a kira masa suna ɗaya, ya je ya saya ko ya ɗauko haya, hankalinsa ya kwanta. Amsar da zai samu kuwa ba ta taɓa zama ɗaya. Wannan zai ce Neumann, wancan ya ce AKG, na uku ya rantse babu kamar nau'in makirufon da ake kira ribon. Dukansu gaskiya suka faɗa, sai dai kowa yana magana ne a kan fiyanonsa da ɗakinsa da irin kiɗan da ya saba ɗauka. A ganina sunan kamfani shi ne abu na ƙarshe a wannan zaɓi. Abin da ke gabansa shi ne nisan da za ka kafa makirufon da kuma ta wace fuska yake ji, kuma ɗakin da fiyanon yake ciki ne ke yanke hukuncin waɗannan biyun.

Fiyanon da aka fi sani a sutudiyoyin Kano da Kaduna, wato na lantarki irin Yamaha PSR wanda waƙoƙin finafinan Hausa suka girma a kansa, ba ya cikin wannan magana. Shi waya ake jona masa, sautinsa ya shiga kwamfuta kai tsaye ba tare da ya ratsa iska ba. Maganar a nan ta fiyanon katako ce, mai tsirkiya da guduma, wanda ake samu a majami'u da sassan koyar da kiɗa na jami'o'i da manyan otal da zauruka irin na cibiyar MUSON a Legas. Shi ne ke wahalar da injiniyoyin sauti a ko'ina a duniya, kuma dalilin wahalar yana cikin ƙirarsa.

Cikakken fiyano yana da maɓallai 88. Na can ƙasa yana kaɗawa a 27.5 Hz, wato sau 27.5 a daƙiƙa, na can sama a 4,186 Hz, ban da ƙananan sautukan da ke hawa kan kowane bugu, waɗanda ke ba shi ƙyalli har su wuce 10,000 Hz. Tsirkiyoyinsa kusan 230 ne, domin yawancin maɓallai uku-uku suke bugawa, na ɓangaren kauri biyu-biyu, na can ƙarshe ɗai-ɗai. Jimillar ɗaurin da ke kansu tana kai tan 18 zuwa 20, shi ya sa aka ɗora su a kan firam na zubin ƙarfe. Amma tsirkiya ita kaɗai ba ta da murya sosai. Mai maganar shi ne siririn allon katakon da ke shimfiɗe a ƙarƙashinsu, wanda ke karɓar girgizarsu ya tura ta cikin iska. Wannan allo faffaɗa ne. Fiyanon Steinway samfurin D tsawonsa santimita 274, Yamaha C7 da sutudiyoyi da yawa ke ajiyewa santimita 227. Kowane sashe na allon yana fitar da nasa launin, murfin da aka tokare yana cilla siraran sautuka zuwa gefen masu sauraro, masu kauri kuma suna malala ta ko'ina, har ta ƙarƙashi. Mawaƙi baki ɗaya gare shi, ka san inda za ka nufa. Fiyano ba shi da wuri ɗaya da za ka nuna ka ce daga nan sautin ke fitowa.

Sai kuma tazarar da ke tsakanin bugu mai laushi da mai ƙarfi. Wannan ne ma dalilin da ya sa Bartolomeo Cristofori ya ƙera shi a birnin Florence na Italiya wajen shekarar 1700: a samu abin kiɗa mai maɓallai da yatsa zai iya sa shi ya yi raɗa ko ya yi tsawa. Guduma tana dukan tsirkiya ta koma cikin ƙiftawar ido, sautin ya tashi da kaifi, sannan ya yi ta raguwa na daƙiƙoƙi masu yawa har ya ɓace. Makirufon da zai ɗauki wannan dole ya kasance mai saurin amsawa ga kaifin farko, kuma marar hayaniyar kansa, don kada wutsiyar sautin ta nutse cikin "sssss" ɗin na'ura.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Idan ka kai makirufo kusa da tsirkiyoyi, ba fiyano kake ɗauka ba, yankin da ke ƙarƙashin makirufon kake ɗauka. Kamar wanda ya tsaya a gefen mai kalangu ɗaya ne cikin ayarin makaɗan biki: shi kaɗai zai cika masa kunne, sauran su zama na nesa, sai ya ja baya kafin ya ji kiɗan a haɗe. Lissafin a fili yake. Duk lokacin da nisa ya ninka, ƙarfin sauti yana raguwa da kusan desibel 6. Makirufon da ke santimita 15 daga wasu tsirkiyoyi, kuma santimita 60 daga wasu, zai ji na farkon sun ɗara na biyun da kusan desibel 12, alhali mai kiɗan da ƙarfi ɗaya ya buga su. Ja da baya ne maganin wannan. Amma da zarar ka ja baya, sai ɗaki ya shigo. Kowane santimita da ka ƙara, kana rage fiyano kana ƙara bango da silin da daɓe. Idan ɗakin mai daɗin amsawa ne, ka ci riba biyu. Idan ba haka ba, ka gudu daga wata matsala ka faɗa wata.

Saboda haka aikin farko shi ne a san ɗakin. Ka tsaya a tsakiyarsa ka tafa sau ɗaya da ƙarfi. Idan ka ji wani siririn "trrr" yana bin bayan tafin, sauti ne ke kai-komo tsakanin bangaye biyu masu fuskantar juna, kuma fiyano zai tona wannan asiri a kowane bugu mai kaifi. Ƙananan ɗakuna suna da wata cuta ta daban a ɓangaren kauri. Ɗakin da faɗinsa mita 3 yana kumbura sautin da ke wajen 57 Hz da 114 Hz da 171 Hz, mai mita 4 kuma 43 da 86 da 129. Duk waɗannan suna cikin yankin hannun hagu na mai kiɗa. Sai ka ji wani maɓalli yana ruri, na kusa da shi kuma kamar ba a taɓa shi ba. Soson da ake mannawa a bangon sutudiyo ba ya taɓa wannan matsala ko kaɗan. Siraran sautuka kawai yake shanyewa, ya bar ɗakin da dishi-dishi a sama da ruri a ƙasa. Babu makirufon da aka ƙera, komai tsadarsa, da zai gyara wannan.

Da zarar ka san ɗakinka, zaɓin fuskar ji ya zama mai sauƙi, kuma shi ne zaɓin da ya fi sunan kamfani tasiri a kan abin da za a ji.

Akwai makirufo mai ji ta ko'ina, wanda 'yan sana'ar ke kira omni. Tantaninsa, wato siririn abin da ke karɓar girgizar sauti a cikinsa, a rufe yake ta baya, matsin iska kawai yake aunawa, bai damu da inda sauti ya fito ba. Wannan ƙira tana ba shi abubuwa biyu da fiyano ke matuƙar so. Na farko, yana sauka har can ƙasa ba tare da ya rame ba, ko da an kafa shi da nisa. Na biyu, sautin da ya zo masa ta gefe ba ya canza launi sosai, kuma fiyano kusan duka ta gefe yake zuwa. Shi ya sa masu naɗar kiɗan gargajiyar Turai suka daɗe suna dogara da irin su DPA 4006 na Denmak, wanda asalinsa daga kamfanin kayan awo na Brüel & Kjær ne, da Schoeps mai kan MK 2 na birnin Karlsruhe a Jamus. Laifinsa ɗaya: ba ya ɓoye komai. Zai ɗauki amsawar ɗakin, da iyakwandishan, da babur ɗin da ya wuce a titi.

Akwai mai ji ta gaba, kadiyod, wanda ke toshe kunne ga abin da ke bayansa. Shi ne abokin mai ƙaramin ɗaki. A lissafi, za ka iya kafa shi da nisan da ya ninka na omni sau 1.7 kuma ka sami adadin amsawar ɗaki iri ɗaya. Wato idan omni ya fara jiƙewa da ɗaki a mita ɗaya, kadiyod zai kai ka mita 1.7 kafin hakan ta faru, kuma wannan ƙarin nisan na iya zama abin da ke haɗa maka fiyanon ya zama abu guda. Farashin da ake biya shi ne kaurinsa ba tsayayye ba ne: idan ya matso kusa sai ya kumbura, idan ya yi nisa sai ya rame. Mutane da yawa suna cusa kadiyod cikin fiyano, su ji ƙasan ya yi nauyi da laka, su ɗora wa makirufon laifi, alhali kusancin ne ya jawo.

Na uku shi ne mai ji ta gaba da baya, ya kurmance ta gefe, wanda zanen jinsa ke kama da lamba 8. Amfaninsa a gefen nan da ba ya ji yake. Idan ana ɗaukar fiyano tare da mai ganga ko mawaƙi a ɗaki ɗaya, juya masa wannan gefen ya fi kowane labule raba su.

Bayan fuskar ji sai nau'in na'urar. Ga fiyano, kwandensa ne ke kan gaba, domin tantaninsa ba shi da nauyi, yana bin kaifin guduma ba jinkiri. E. C. Wente ne ya ƙirƙiro shi a Amurka a 1916, Georg Neumann kuma ya mayar da shi kayan sutudiyo bayan ya kafa kamfaninsa a Berlin a 1928. Galibin kwandensa yana buƙatar wutar bolt 48 da ke bi ta cikin wayarsa, tsarin da Neumann ya fito da shi a 1966 tare da makirufon KM 84 saboda gidan rediyon Norway. Kusan kowane akwatin haɗa makirufo da kwamfuta na yau yana da wannan maɓallin.

Kwandensa iri biyu ne, kuma a nan ne gardama ta fi zafi. Mai ƙaramin tantani, wajen rabin inci, siriri mai siffar alƙalami, irin Neumann KM 184 ko Schoeps ko AKG C451, ya fi faɗin gaskiya. Ƙanƙantarsa ta sa abin da ya zo masa ta gefe yana kama da abin da ya zo ta gaba. Mai babban tantani, wajen inci ɗaya, irin Neumann U 87 da ya fito a 1967 ko AKG C414 da aka fara ƙerawa a Vienna a 1971, ya fi cika da nauyi, hayaniyar kansa ma sau da yawa ta fi ƙanƙanta, amma yana rina abin da ya zo ta gefe. An ƙera yawancinsu da tunanin murya, an ɗan ɗaga musu sama don kalmomi su fito tangaram. Wannan ɗagin da ke ƙawata murya yana iya mayar da fiyano mai tauraren gudumomi ya zama kamar ana zuba kwalabe. Ko a cikin gidan C414 akwai bambanci: samfurin XLII an ɗaga masa sama da gangan, XLS kuwa ya fi miƙewa, kuma shi zan ɗauka wa fiyano. Babban amfanin C414 shi ne ana iya sauya masa fuskar ji da maɓalli, daga omni zuwa kadiyod zuwa mai siffar takwas, ka ga makirufo ɗaya ya amsa wa ɗakuna iri-iri.

Ribon kuwa wani siririn zaren alminiyom ne da aka rataya tsakanin maganaɗisu, kaurinsa bai wuce maikiron biyu ko uku ba, wato ya fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba. Coles 4038, wanda injiniyoyin BBC suka zana a shekarun 1950, da Royer R-121 na 1998, su ne aka fi ambata. Samansu a tausashe yake, don haka suna yi wa fiyano mai tsananin kaifi kwalliya, suna ba shi wannan ɗumin na tsofaffin faya-fayan jaz. Ina son su ƙwarai a kan Yamaha mai haske. Amma suna da sharuɗɗa. Sautinsu ba shi da ƙarfi, sai an ƙara masa desibel 60 ko fiye, kuma ƙaramin akwatin sauti mai araha idan aka murɗa shi har can sai ya fara huci. Kusan dukansu masu siffar takwas ne, bayansu na jin murfi ko ɗaki daidai yadda gabansu ke jin tsirkiya. Iska mai ƙarfi tana iya lanƙwasa zaren, wutar bolt 48 a kan lalatacciyar waya tana iya kashe shi. Ba shi ne sayayyar farko ba.

Makirufon dainamik irin Shure SM57 ba a yi shi don wannan aiki ba. Nannauyan tantaninsa yana dakushe kaifin bugu, ƙasansa yana fara raguwa tun daga wajen 200 Hz, yana da ƙusumbi a wajen 5,000 zuwa 6,000 Hz. Idan fiyanon zai zauna ne a bayan ganguna da jita a waƙa mai hayaniya, wannan ƙusumbin na iya taimaka masa ya huda. Idan shi kaɗai zai tsaya, a nemi wani.

Abin da ya kawo mu ga tambayar da ya kamata a yi wa mai waƙar tun kafin a buɗe akwatin makirufo: wane aiki fiyanon zai yi? Idan shi ne tauraro, shi kaɗai ko da murya ɗaya, ana buɗe murfi duka, a kafa makirufo biyu a waje, daga mita ɗaya zuwa biyu gaban lanƙwasar jikinsa, a tsayin da za su hango tsirkiyoyi ta tsakanin murfi da gangar jiki. Injiniyoyin kamfanin Decca na Ingila sun shahara da wata hanya ta daban, su kafa omni biyu a wutsiyar fiyano suna kallon tsawon tsirkiyoyi, inda kaurin ya fi fitowa a tsaftace. Idan kuwa zai shiga cikin taron kayan kiɗa ne, to kaifi ake nema da rabuwa, sai a shiga ciki: ɗaya a saman sirara, santimita 20 zuwa 30 daga tsirkiya, ɗan baya da layin gudumomi, ɗayan can gaba a saman masu kauri inda suka gitta kan na tsakiya.

Wanda bai taɓa sa abin ji a kunne da makirufo a wannan kusancin ba, zai yi mamakin abin da ke cikin fiyano. Kafin mai kiɗa ya buga komai, da ya taka feda sai ka ji "shhhf", ulun da ke danne tsirkiyoyi ya ɗaga gaba ɗaya, tsirkiyoyin duka su saki wani siririn numfashi. Da ya sake ta sai "dum" ta biyo ta cikin katako. Kana jin ƙwanƙwasar guduma daban da sautin da ta haifar, kana jin farce a kan maɓalli, kana jin kujera ta yi ƙara idan ya miƙa hannu zuwa can sama. Wasu masu waƙa wannan suke so, suna cewa yana sa mai sauraro ya ji kamar yana zaune a gefen mai kiɗan. Wasu kuma ba sa son jin ko ɗaya. Tambaya ake yi. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne girgizar feda ta bi ƙasa ta hau sandar makirufo, don haka a sa shi cikin ragarsa ta roba, sandar kuma kada ta taɓa jikin fiyano.

Hanyar da ta fi kowane zane a takarda ita ce kunne. Ka ce wa mai kiɗan, "Malam, don Allah buga min daga can ƙasa har sama a hankali, sannan ka ba ni wurin da ya fi ƙarfi a waƙar." Kai kuma ka toshe kunne ɗaya da yatsa, ka juya ɗayan ga fiyanon, ka yi ta zagayawa: ka durƙusa, ka miƙe, ka leƙa ƙarƙashin murfi, ka koma wutsiya. Kunne biyu suna yaudara, domin ƙwaƙwalwa tana tace amsawar ɗaki ba tare da ka sani ba. Kunne ɗaya ya fi kusa da abin da makirufo zai ji. Akwai inda za ka kai kanka ka ji komai ya zauna daram, hannun hagu bai danne na dama ba. Nan za ka kafa. Sau da yawa tafin hannu ɗaya ne tsakanin wannan wuri da wanda ba ya da daɗi.

Makirufo biyu suna kawo faɗi, amma suna kawo wata matsala da ke da muhimmanci musamman a wajenmu. Sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa. Idan bugu ɗaya ya isa makirufo na farko, sannan ya ƙara tafiyar santimita 17 kafin ya isa na biyu, to idan aka haɗa su wuri ɗaya za su cinye juna a 1,000 Hz, da 3,000, da 5,000. A sifika biyu ba za ka lura sosai ba. Amma mafi yawan masu sauraronmu a waya suke ji, ko a ƙaramar sifikar Bluetooth, ko a rediyo, inda hagu da dama ke narkewa su zama ɗaya. Fiyanon da ya cika sutudiyo sai ya fito a waya siriri, kamar ana buga shi cikin bututu, kuma tunda kowane maɓalli nisansa da makirufon biyu daban ne, wasu su ɓace wasu su yi tsalle.

Tsarin kafa biyun ne ke rage wannan. Idan aka haɗa kawunansu wuri ɗaya suna gicciye a kusurwar digiri 90, wato XY, sauti yana isa gare su lokaci guda, babu abin da zai cinye wani. Faɗin ne kawai ba shi da yawa. Alan Blumlein na kamfanin EMI ya yi rajistar wannan tunani tun 1931, kuma har yau ana kiran gicciyen masu siffar takwas da sunansa. Gidan rediyo da talabijin na Faransa ya fito da matsakaici, ORTF: kadiyod biyu, santimita 17 tsakaninsu, a buɗe digiri 110. Yana ba da faɗi mai kama da na kunnen mutum, kuma ba ya lalacewa sosai idan an haɗe shi. Shi nake ba wa duk wanda ke da matsakaicin ɗaki shawarar ya fara da shi. Omni biyu da aka ware su ne suka fi kowa daɗi a zaure mai kyau, su ne kuma suka fi haɗari a waya. Ko wanne ka zaɓa, ka danna maɓallin mono, mai haɗe hagu da dama, tun ana gwaji, kafin mai kiɗan ya fara da gaske. Idan sautin ya rame, matsar da makirufo ɗaya da 'yan santimita ka sake ji. Bayan ya tafi gida babu wannan damar. Kuma kada a ja hagu da dama har ƙarshe don kawai ana iyawa. Fiyanon da ya kai faɗin ɗaki duka ba ya kama da wanda kowa ya taɓa gani.

Fiyano na tsaye, wanda shi aka fi samu a majami'u da makarantu, allonsa a baya yake, kuma kusan kullum an manna shi da bango. Jawo shi daga bangon ka ɗan karkata shi, rabin gyaran ke nan. Leƙa makirufo ta murfin sama yana ba da sauti a matse mai yawan ƙwanƙwasa. Cire allon gaba ya fi, ko kuma a kafa biyu a bayansa suna kallon allon sauti daga santimita 30 zuwa 50, inda ya fi ɗumi kuma hayaniyar maɓallai ba ta kaiwa.

Shi kansa fiyanon fa? A ranar 24 ga Janairun 1975, makaɗin fiyano Keith Jarrett ya isa zauren opera na birnin Cologne a Jamus ya tarar ba babban fiyanon Bösendorfer ɗin da aka nema aka kawo masa ba, wani ƙarami ne na atisaye, samansa siriri, ƙasansa ba ƙarfi. Injiniya Martin Wieland ya ɗauke shi da Neumann U 67 guda biyu, makirufon da har yau ake rububinsa. Duk da haka raunin fiyanon yana nan a cikin faifan. Abin da ya ceci daren shi ne mai kiɗan ya tattara wasansa a tsakiyar maɓallai, inda fiyanon ke da sauran lafiya. Makirufo mai kyau ba ya rufa wa fiyano asiri. Idan tsirkiyoyi uku na maɓalli ɗaya ba su daidaita ba, za ka ji sautin yana rawa "wawawa", kuma babu manhajar da ke gyara wannan yadda take gyara murya. Kuɗin da za a ba mai saita fiyano ranar ɗauka ya fi bambancin da ke tsakanin makirufo mai matsakaicin farashi da mai tsada amfani.

A yanayinmu wannan ya fi tsanani. Fiyano yana son danshin iska na wajen kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari. A hunturun Kano ko Damagaram danshi yana sauka ƙasa da kashi 20, a Agusta kuma ya haura 70. Allon sauti yana kumbura da damina, saiti ya hau; ya motse da rani, saiti ya sauka, wani lokaci ma ya tsage. Makirufon kwandensa shi ma ba ya son wannan: ƙura ta kwanta a tantani, danshi ya biyo, sai ka fara jin ƙyas-ƙyas. A mayar da shi akwatinsa bayan aiki tare da ƙullin sinadarin nan mai shanye danshi. Jerin MKH na Sennheiser, saboda irin ƙirar lantarkinsu, sun fi sauran jure danshi. Sannan ga gurnanin wuta. Wutarmu 50 Hz ce, maɓallin G na ƙasa kuma 49 Hz yake, na samansa 98. Idan gurnanin ya shiga, duk wuƙar da ka sa don yanke shi sai ta yanki fiyanon. Waya mai ƙafa uku mai kyau, nisanta ta daga wayoyin wuta, da ɗauka a kan batirin inbata tare da kashe janareta da fanka, su ne maganin.

Idan aka ce in zaɓa wa mai ƙaramin sutudiyo abu ɗaya, kwandensa biyu masu ƙaramin tantani zan ce, waɗanda masana'anta ta auna ta haɗa su tagwaye, kuma zai fi kyau a ce ana sauya musu kai daga kadiyod zuwa omni. Røde NT5 na Ostireliya da Oktava MK-012 da ake ƙerawa a birnin Tula na Rasha duk suna ba da wannan dama ba tare da sun karya aljihu ba, Line Audio CM4 na Suwidin ma ya yi suna wajen miƙaƙƙen sauti. Biyu masu matsakaicin farashi sun fi ɗaya mai tsada a kan fiyano, kuma za su yi maka aiki a kan gurmi da garaya da ƙungiyar mawaƙa. Masu tsadar a ɗauko haya ranar da aikin ya cancanta. A kuma yi hattara da jabu, domin U 87 da kayan Shure na bogi sun cika kasuwa, kwalinsu tsaf, cikinsu wani abu daban.

Ranar ɗauka, a naɗa a bit 24, wato ma'aunin ingancin naɗi a kwamfuta, a sa mai kiɗan ya buga wurin da ya fi ƙarfi, a daidaita yadda ƙololuwar ba za ta wuce desibel 12 ƙasa da iyakar na'urar ba, domin kusan kowane mai kiɗa yana ƙara ƙarfi idan ya san an fara da gaske. Kada a matse sautin ko a yi masa kwaskwarima yayin shigarsa; wannan aikin baya ne. Da an sami wurin da ya zauna, a manna salatif a ƙasa daidai ƙafafun kowace sanda, a auna tsayi da nisa a rubuta, a ɗauki hoto. Idan aikin zai kwana, ko za a haɗa ɗauka ta uku da ta bakwai, motsin santimita biyar ya isa ya sa a ji ɗinkin. Saitin ma yana zamewa cikin 'yan sa'o'i idan ana kunna iyakwandishan ana kashewa, don haka a yi yarjejeniya da mai saitin ya dawo tsakiyar aiki ya sake duba tsirkiyoyin.